Dokar "Kada A Shiga Ruwa" Ba Ta Taɓa Koya Wa Yaro Iyo Ba

Makalarmu ta wannan makon a kan ruwa take, da irin dokokin da ake kafa masa. Ra'ayina shi ne, a ƙasarmu doka ɗaya muka iya idan maganar tafki ko dam ko kogi ta taso, wato hani. Ita ce mafi arha, domin ba ta buƙatar komai sai sanarwa a rediyo, ita ce kuma mafi saurin mutuwa.

Mu fara da gida. Duk wanda ya san cikin birnin Zariya ya san kududdufai. Ramuka ne da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, ruwan sama ya zo ya mamaye su. A wajen birni kuma akwai kogin Kubanni da dam ɗinsa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, akwai kogin Galma da madatsar da ake ɗibar ruwan sha daga gare ta. Ba mu bakin teku, amma ruwa ya kewaye mu. Me muke gaya wa yara game da shi? Kada ka je, in ka je za ka sha bulala, akwai aljanu a ciki. Yaro kuwa idan zafin bazara ya taso, ko kududdufi ya cika da damina, zai je. Abin da hanin ya canza kawai shi ne zai je a ɓoye, ba babba a kusa, bai kuma iya iyo ba.

Yadda uba ke yi a gida, haka hukuma ke yi a sama. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai a jihar Kano. Ya taso daga ƙauyen Badau, yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Maulidi, kuma aƙalla mutum 29 suka rasu. Gwamnatin jihar ta dakatar da jigilar fasinja a ruwan nan take, ta ba da motoci, ta kafa kwamitin bincike. A ranar makoki wannan mataki ne da ba wanda zai ƙi. Sai dai a wannan ruwan dai aka yi irin wannan rashi a 2008, lokacin da jirgi ya nutse da 'yan biki. Shekara 13 tsakani, ruwan bai canza ba, buƙatar mutane ta tsallaka shi ba ta canza ba. Mutumin Badau yana hawa kwale-kwale ne don ya fi masa kusa da kasuwa da asibiti. Idan ba a gyara jirgin da yawan lodinsa da wanda ke tuƙa shi ba, ranar da aka manta da dokar za a koma gidan jiya.

Ba wai babu dokoki masu kyau a rubuce ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da kima, ta wajabta sa rigar kariya daga nutsewa. Duk da haka mun ga abin da ya faru a Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayu 2021, da yankin Patigi na jihar Kwara a watan Yuni 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Dokar da ba ta da mai tsaron ta a mashaya, ba ta kuma samar wa talaka rigar da ta ce ya sa ba, takarda ce kawai.

Bari mu leƙa yadda wasu ke fama da tasu rigimar, ko da yake tasu ta wasa ce, tamu ta rai. A Turai akwai wasan da ake hawa wani allo mai kama da ƙyauren ɗaki, an kafa masa babban ƙyalle mai kama iska. A 'yan shekarun nan sai aka ƙara masa wata sanda mai tsawon kusan mita ɗaya a ƙarƙashi, da fiffike a ƙarshenta. Idan gudu ya yi gudu, fiffiken ya ɗaga allon sama, mutum ya riƙa tafiya kamar yana shawagi a kan ruwa, gudunsa kan wuce kilomita 40 a awa. Wannan samfurin, mai suna iQFOiL, shi aka yi amfani da shi a gasar Olamfik ta Faris a 2024. A teku akwai fili. A ƙaramin tafki kuwa akwai masu iyo, da masunta, da tsuntsaye masu sheƙa a bakin ruwa, ga fiffike mai kaifi da ba a jin ƙararsa. Don haka hukumomin garuruwa suka shiga tunanin abin da za su yi da shi.

Misalai biyu daga wasannin da suka riga shi sun isa su nuna hanyar da suka saba bi. A Suwizalan an daɗe da hana wani ɗan uwan wannan wasa, wanda babbar lema ke jan allon, sai a wuraren da jiha ta ba da izini. A 2016 suka juya dokar: ya halatta, sai a wuraren da jiha ta hana. Ma'ana, nauyin kawo hujja ya koma kan mai hanawa. A Ingila kuma, a tafkin Windamiya, mafi girma a ƙasar, masu jiragen gudu sun yi shekaru suna rigima da masu son natsuwa. Aka amince da iyakar gudu ta mil 10 a awa a shekarar 2000, amma ba a fara aiki da ita ba sai 2005, don masu sana'a a ruwan su sami lokacin shiri. Har yau akwai masu ƙorafi, amma kowa ya san me aka hana, don me, kuma daga yaushe.

Kada wani ya ce wannan wayon Turawa ne. Mu ma muna da shi tun kafin su zo da takarda. A Argungu, ba a kamun kifi a yankin Matan Fada sai lokacin biki ya zo, kuma Sarkin Ruwa ne ke kula da wannan ƙa'ida. Hani ne, amma mai wa'adi, mai dalili, domin kifi ya hayayyafa, kuma mai tsaronsa mutum ne da ya san ruwan kamar tafin hannunsa, jama'a kuma suna jin kunyarsa. A bikin dai ake yin kabanci, wato tseren kwale-kwale da iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa. Kabawa ba su raba 'ya'yansu da kogi ba, sun koya musu shi. Bikin da ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya. Yawancin kududdufan birni sun zama bola da matattarar kwata. Ruwan da ba ya gudu yana ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi. Ramin da aka haƙa don ƙasar gini ba shi da gangare, taku ɗaya ne daga gwiwa zuwa inda ya shanye mutum. Dam ɗin da gari ke sha daga gare shi kuma dole a kare shi daga ƙazanta. A irin waɗannan wurare hani daidai ne, ina goyon bayansa. Abin da nake ƙi shi ne a tsaya nan. In ka rufe wa yaro ƙofa goma, buɗe masa ɗaya wadda kake tsaye a bakinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Bangaladash ƙasa ce mai kududdufi a bayan kusan kowane gidan ƙauye, kuma nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yaransu. Ba su jira gina wuraren iyo na zamani ba. Sun riƙa kafa dandamali da shinge na gora a cikin kududdufin ƙauye, ruwan ya zama daidai ƙirjin yaro, aka horar da matasan garin su koyar da iyo da ceto. Gora da igiya da malami ɗaya, abin da Zariya ba za ta rasa ba.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu nema daga ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da masarautar Zazzau. A ƙidaya ruwayen da ke cikin gari da kewaye, a raba su: wanda za a cike, wanda za a katange, da wanda za a tsaftace a ware wa koyon iyo, maza da ranarsu, mata da tasu da malamai mata. A sa masunta da sarakunan ruwa cikin rubuta dokar, domin su suka san inda rami yake da watan da ruwa ke ja. Duk hanin da aka kafa a faɗi dalilinsa da ranar da za a sake duba shi. A koya wa manyan ɗalibai yadda ake ceto da sanda ko igiya ko jarka ba tare da faɗawa ruwan ba, domin sau da yawa mai ceto ne gawa ta biyu. Malamanmu ma sukan kawo maganar da ake jinginawa Sayyidina Umar a kan koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Hawan doki dai Zazzau ba ta bar shi ba, duk Sallah muna gani. Iyon ne muka yar.

Mu masu alƙalami muna da namu kason. A labaranmu ruwa bai cika fitowa ba sai a matsayin gidan aljanu ko wurin da marubuci ke kashe tauraron da ya rasa yadda zai yi da shi. Idan jirgi ya kife mukan yi kwana uku muna rubutun ta'aziyya, mu wuce. Wa ya koma Badau bayan shekara ya tambayi yadda ake tsallakawa yanzu? Wa ya zauna da masunci a bakin Galma ya rubuta sunayen da suke kiran sassan kogin, da alamun da suke gane ruwa mai haɗari? Wannan ilimi ne da ke tafiya tare da tsofaffi, kuma ba ya buƙatar jari sai littafi da biro da haƙurin sauraro.

Aikin da nake ba mu a wannan makon ke nan: kowa ya zaɓi ruwa ɗaya a unguwarsu, ya binciko sunansa, wa ya haƙa shi, wace doka ke kansa, wa ke tsaron ta, ya rubuto mana shafi guda. Hausawa suka ce iya ruwa fidda kai. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare mana yaranmu. Ina jiran ra'ayoyinku, musamman na waɗanda ba su yarda da ni ba.