Kafin Ka Tambayi Farashi, Tambayi Kayan Gyara

Bidiyon ƙaramar motar nan Caterham Seven na ta yawo a wayoyin matasanmu, har wasu sun fara tambayar kuɗinta. Mu a ganinmu tambayar farko ita ce: in ta lalace, ina kayanta?

Colin Chapman ne ya fito da ita a Ingila a 1957 da sunan Lotus Seven, kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. Ana iya sayenta a wargaje cikin akwatuna, mutum ya ɗaura abarsa a gareji. Nauyinta wajen rabin tan ne, shi ya sa take tashi kamar kibiya.

Abin da ya raya ta a can shi ne inji na aro, na Ford ko Suzuki, ga kayan gyara kusa da hannu. Mu fa? Fulogi da filta ƙila a dace a kasuwar Ladipo ta Legas, amma firam da bodi sai an yi oda da fam, ga kuɗin jirgi da na kwastan. Cikinta dab da ƙasa yake, ramukan titunanmu ba za su raga mata ba. Mai sitiyari a dama kuma doka ta hana shigo da ita.

Ba mu hana kowa sha'awa ba. Amma ko Corolla za ka saya, fara zuwa wajen bakanike da mai sayar da kayan gyara. Motar da ba ta da kaya a kasuwa, ado ce a ƙofar gida.