Raddi Ga Mai Cewa Lantarki Ba Ya Juya Haske

Wani malami a nan Zuru ya faɗa wa ɗalibansa cewa siraran faya-fayan nan da ake sarrafa haske da su ta hanyar lantarki tatsuniyar Turawa ce. Wai lantarki ba ya juya haske, wai gilashin da ba shi da doro ba ya tattara shi, wai kuma ba ruwan ɗan manomi da wannan.

Malam, ta farkon ce ta fi ba ni haushi, domin kwakuletar da kake tara makin jarrabawa da ita ta isa ta ƙaryata ka. Baƙaƙen lambobin allonta ba tawada ba ce. Ruwan kiristal ne, irin wanda Friedrich Reinitzer ya gano a 1888. Da an sa masa lantarki sai ƙwayoyinsa su sake tsayuwa, hasken da ke ratsa su ya sauya hali, gurbin ya yi baƙi. Zare batirin ka gani! Abin da aka ƙara yanzu shi ne jera ƙananan turaku a kan faifai, gashin kanka ya fi su kauri kusan sau ɗari, kowanne yana jinkirta haske gwargwadon girmansa. Kamfanin Lumotive a Amurka ya haɗa su da ruwan kiristal, yana karkata hasken leza ba tare da wani madubi ya motsa ba. A 2016 ɗaliban Harry Atwater a Caltech suka yi irin haka da sinadarin da ke shafe a allon wayar da kake latsawa kullum. Haba Malam, wace tatsuniya?

Batun doro kuwa, Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar lanƙwasar haske a Bagadaza wajen 984. Federico Capasso na Harvard ya faɗaɗa ta a 2011, ya fito da shimfiɗaɗɗen gilashi mai tattara haske a 2016, kuma tun 2022 STMicroelectronics ke sayar da irinsa cikin na'urorin auna nisa.

Ɗan manomi fa? An kafa Jami'ar Noma ta Tarayya a Zuru a 2020, kuma da haske ake auna lafiyar shuka daga sama.

Ka koma aji ka gyara wa yaran nan maganarka, Malam.