HAWAN JINI: ME YA SA IYAYENMU KE AJIYE MAGANI?

'Yan'uwa matasa, da wuya a samu wani a cikinmu da bai san gidan da aka wayi gari dattijo ya yanke jiki ya faɗi ba, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Sai ka ji ana cewa iska ce ta buge shi, alhali in ka ɗaga matashin kansa ga ƙwayoyin hawan jini nan da ya ajiye tun watanni.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum kusan biliyan 1.3 ke da wannan ciwo, kuma 4 cikin kowane 5 ba su samun kulawar da ta isa. To me ke raba mutum da maganinsa?

Babban dalili shi ne ciwon ba ya ihu. Jini kan wuce 140/90 mutum na cin kasuwarsa garau. Baba ya saba da zazzaɓi, a sha magani kwana uku a warke, don haka da kai ya daina sarawa sai ya ce ya warke. Ina! Ƙwayar nan danne ciwon take yi, ba ta tumɓuke shi. In aka ajiye ta jinin sai ya koma inda yake, ya ci gaba da cin zuciya da ƙoda a ɓoye.

Sannan akwai abin da dattijo ke jin nauyin faɗa. Ƙwaya mai sa fitsari na hana shi riƙe alwala da zaman mota. Amlodipine kan kumbura ƙafa, Lisinopril kan sa busasshen tari, wani kuma tsoro yake kada ƙarfinsa na namiji ya ragu. Duk waɗannan likita na iya sauya magani a kansu, in an gaya masa. Ga kuma tsada, musamman tun faɗuwar naira a 2023, har wani kan sha yau ya tsallake gobe don kwalin ya kai wata. Ga tukunyar gida cike da gishiri da dunƙule da kanwa, alhali abin da aka yarje wa baligi bai kai giram 5 na gishiri a yini ba, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya.

Ɗan'uwa, nan aikinka yake. Kuɗin ƙwayar wata bai kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya ba. Ka ɗauke wa Baba da Inna sayenta, ka haɗa musu shanta da sallar asuba don kada su manta, in likita bai sa wani lokaci ba. Ka raka su awo, ka tambayo yadda za a tsara ta kafin azumi ya kama. Shan magani bai kore tawakkali ba. Kai ma ka miƙa hannu a auna ka, don ciwon na bin jini.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalam.