Manchester United: laifin 'yan wasa ne, ko na gidan?

Jama'a, kakar 2024/2025 ta ƙare Manchester United tana ta 15 a gasar Firimiya da maki 42 kacal, ga Tottenham ta doke ta 1-0 a wasan ƙarshe na Europa. A gidajen kallon balo, daga Maraɗi har Damagaram, Højlund kowa ke zagi a lokacin. To, ɗan gaba da ƙwallo 4 a gasar duka, ai dole a yi magana. Onana ma ya sha ba mu kunya a raga.

Amma mu dubi waɗanda suka bar gidan. McTominay ya koma Napoli, ya ci ƙwallo 12, ya ɗaga kofin Serie A, har aka zaɓe shi gwarzon gasar. Antony, wanda muke ta yi wa dariya, ya je Betis aro, nan da nan ya farfaɗo.

A ganinmu ƙafafun ba su mutu ba. Amorim ya zo a Nuwamba da tsarin 'yan baya uku, ya tarar da 'yan wasan da aka sayo wa Ten Hag. Bruno kaɗai ke ɗauke da kayan, Amad na taya shi kafin rauni ya kwantar da shi a Fabrairu. In aka sauya ɗan gaba ba a gyara tsakiya ba, wanda zai gaje shi ma sai ya sha zaginmu.