Jirin da ke zuwa da juya kai: sau da yawa matsalar a kunne take



Kwanakin baya gwaggona da ke zaune a Agege ta kira ni hankali a tashe. Ta ce kwana goma ke nan, da ta juya a kan gado sai ta ga ɗaki yana juyawa da ita, in ta sunkuya ruku'u kuwa sai ta dafa bango. An ce mata ƙarancin jini ne, ta shanye kwalba biyu ta maganin ƙarin jini. Wasu suka ce iska ce. Sai ranar da ta zame a banɗaki 'ya'yanta suka kai ta asibiti. Likita ya kwantar da ita, ya karkata mata kai, ya duba idanunta, ya ce matsalar a kunne take.

Aikin kunne bai tsaya ga ji kaɗai ba. Can cikinsa akwai wasu lanƙwasassun bututu guda uku cike da ruwa, su ke sanar da ƙwaƙwalwa duk motsin da kai ya yi. Kusa da su akwai 'yar jaka mai ɗauke da ƙwayoyin sinadarin kalsiyam, waɗanda ba su kai tsabar yashi girma ba. Tsufa ko buguwa a ka na iya sa su ɓalle su faɗa cikin bututun. Daga nan, da mutum ya juya kai sai su gangara su kaɗa ruwan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka juyi ake yi alhali ana kwance. Likitoci na kiran wannan lalura BPPV. Ta fi kama mata da waɗanda suka haura shekara 50.

Alamarta a fili take: jirin yakan zo ne da juyawa a kan gado, ko ɗaga kai sama, ko sunkuyawa, kuma yawanci ba ya kai minti ɗaya. Wanda yake ganin duhu in ya miƙe tsaye da sauri, nasa daban ne, sai a auna jininsa da sukarinsa.

Maganin wannan jiri a hannu yake. Wani likitan kunne Ba'amurke, John Epley, ya wallafa dabarar a 1992. Ana karkata kan mara lafiya digiri 45 zuwa ɓangaren kunnen da ke da matsalar, a kwantar da shi, sannan a riƙa juya kan daki-daki, ana dakatawa kamar daƙiƙa 30 a kowane mataki, har ƙwayoyin su koma jakarsu. Mafi yawan mutane kan samu sauƙi a zama ɗaya ko biyu. Gwaggo a zama na biyu ta koma sallarta a tsaye.

Kada a kalli bidiyo a waya a ce za a gwada wa tsoho a gida. Sai an tantance wane kunne ne tukuna, kuma mai ciwon wuya ko baya yana buƙatar kulawa ta musamman. A nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ko sashen fisiyo, wanda muka fi sani da sashen gashi. Asibitocin koyarwa irin su LUTH da ke Idi-Araba da UCH ta Ibadan suna da su.

Idan kumburin jijiyar kunne ne ya bar mutum da tangaɗi, akwai atisayen da ake koyarwa: kafa ido a kan abu ɗaya ana juya kai, da tafiya ana waiwaye, har ƙwaƙwalwa ta saba. Yawan kwanciya da daɗewa ana shan ƙwayoyin jiri na kemis, irin su Stugeron, suna jinkirta wannan sabo.

Amma idan jiri ya zo da karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, ko ganin abu biyu-biyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko matsanancin ciwon kai, a garzaya asibiti nan take, domin yana iya zama shanyewar ɓarin jiki.

Kafin a ga likita, a bar fitila a hanyar banɗaki da dare, tsoho kuma ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe. Karayar ƙugu a shekarun tsufa ta kwantar da mutane da yawa.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.