KUTURU MA HALITTAR ALLAH NE

Ranar kasuwar Beji, wadda ke kan hanyar Minna zuwa Zungeru a Ƙaramar Hukumar Bosso ta Jihar Neja, kowa da abin da ya kawo: Bagwari da doyarsa, Bafillace da shanunsa, Bahaushe da kayan kolinsa. Amma mutumin da kuturta ta taɓa yatsunsa, ko da ya shekara goma da warkewa, da wuya a karɓi abinci daga hannunsa. In ya je nema wa ɗansa aure, sai a ce ai gidan kutare ne.

Hausawa sun ce, kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Watau dai sai da kuɗi za a ga mutuncinsa. To, wanda ba shi da ko kwabo fa?

Addinin Kirista ya amsa wannan tambaya tun a shafin farko na Littafi Mai Tsarki. Littafin Farawa, sura 1 aya 27, ya nuna Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa, ba a kuwa ware mai yatsu goma daga mai dungu ba. A Bisharar Markus, sura 1, an ba da labarin kuturun da ya zo wurin Yesu, sai Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi, alhali a zamanin nan doka ta hana kuturu zama cikin jama'a. Musulmi ma sun san Alƙur'ani ya tabbatar da cewa Allah ya karrama 'yan Adam. Saboda haka babu mai hujjar wulaƙanta irin wannan mutum a Beji.

Kada a ɗauka wannan magana ce ta wa'azin Lahadi kurum. Kuturta takan fara ne da ɗan tabo mai haske a fata, wanda in an taɓa shi ba a ji. Ƙwayar cutar, wadda likita Hansen na ƙasar Norway ya gano a 1873, jijiyoyi take ci. In jijiya ta mutu, mutum zai ƙone a murhu ko ƙaya ta soke shi a gona bai sani ba, gyambo ya kama, yatsa ya tafi. Wanda ya ɗauki kansa la'ananne sai ya rufe tabon da riga don kunya, har cuta ta gama ɓarnarta. Wanda kuwa ya yarda shi halittar Allah ne mai daraja, ba ya jin nauyin nuna wa ma'aikacin lafiya jikinsa.

Ga magani kuma akwai. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna da ke kashe cutar cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Da zarar mutum ya fara sha, ya daina yaɗa ta. Kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce. A Chanchaga, nan Minna, akwai asibitin masu wannan cuta, da ma'aikatar da ƙungiyar mishan mai kula da kutare ke yi musu takalma da ƙafafun roba.

To, me ya rage? Aiki ya rage ga fastoci da dattawan ikilisiya. Ba daidai ba ne a yi waƙar ƙauna da safe, da yamma a ware wa ɗan'uwa kwanonsa. Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ita ce ranar tunawa da masu kuturta a duniya. Ya kamata majami'un Beji da kewaye su gayyato ma'aikatan lafiya ran nan su bayyana alamun cutar, a kuma ba wanda ya warke aiki a majami'a, ko karatun Littafi ko tsaron baiko, ba sadaka kaɗai ba.

Shi ma wanda ya warke, ya daina sunkuyar da kai. Ya ɗauki doyarsa ya kai kasuwa ya yi ciniki kamar kowa. Jama'a kuwa su tuna, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.