Digirin kimiyyar ƙwaƙwalwa: Abin dubawa kafin cike fom

Ɗalibin da ya rasa wanda zai zaɓa tsakanin ilimin halayyar ɗan Adam da bayoloji yana iya haɗa su a digirin farko guda, wato kimiyyar ƙwaƙwalwa da tunani.

Fannin yana binciken yadda ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwa ke haifar da tunani, magana da yanke shawara. Ya bunƙasa ne bayan samuwar fasahar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta fMRI a farkon shekarun 1990.

Jami'ar Manchester a Ingila tana koyar da shi cikin shekara uku, Jami'ar Brown a Amurka kuma shekara huɗu.

Sai dai manhajojin sun bambanta. Wasu sun fi karkata ga jijiyoyi da aikin ɗakin gwaji, wasu kuma ga gwajin halayya da ƙididdiga.

Sannan digirin ba ya mayar da mutum likita. A Birtaniya, mai burin zama masanin halayya da ke duba marasa lafiya yana buƙatar kwas ɗin da ƙungiyar masana halayya ta ƙasar, BPS, ta amince da shi. In babu wannan amincewar, sai ya yi kwas na cike giɓi, ga ƙarin lokaci, ga ƙarin kuɗi.